Darasi na 17: Idan Bam Ya Fasa Bututun Gas

A ranar 27 ga Fabrairu, 2022, kwana uku da shigar sojojin Rasha cikin Yukiren, bututun gas ya fashe a Kharkiv, birni na biyu wajen girma a ƙasar. Wuta da hayaƙi suka turnuƙe sama, har sai da hukuma ta fito ta kwantar wa mutane da hankali cewa ba makamin nukiliya ba ne. Tun daga wannan rana ma'aikatan gas na ƙasar ke fita aiki da sulke da hular kwano, kayan walda a bayan mota. A darasin yau za mu bi sawunsu, daga lokacin da bututu ya fashe har zuwa lokacin da uwargida za ta sake kunna murhunta.

Mu da muka saba da tukunyar gas, wadda ake ɗorawa a kan babur a kai wurin mai cikawa, sai mun ɗan yi tunani kafin mu gane nauyin abin. A can gas yana shiga gida ne kamar yadda ruwan famfo yake shiga. Da shi ake girki, da shi ake ɗumama ɗaki da asibiti da makaranta, a ƙasar da ruwa ke daskarewa a waje watanni a jere. Idan bututu ya yanke a watan Janairu, tsofaffi da jarirai ne sanyi zai fara kayarwa.

Gas iri biyu

Ku fara riƙe wannan bambanci, domin rai yana iya rataya a kansa. Gas ɗin tukunya an matse shi ne har ya zama ruwa, shi ya sa idan ka girgiza tukunyar kake jin motsinsa. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka idan ya yi yoyo ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata da rami da kwari. Na bututu kuwa yawancinsa wani sinadari ne da ake kira meten, wanda nauyinsa ya ɗan haura rabin nauyin iska. A fili sama yake yi ya watse. A cikin ɗaki kuwa rufi ne ke tare shi, ya taru a sama yana saukowa a hankali.

Meten ba ya kamawa da wuta sai ya cakuɗu da iska daidai gwargwado: daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Ƙasa da 5 ya yi kaɗan, sama da 15 kuma iskar ce ta yi kaɗan. Wannan ne dalilin da bututun da ke cike taf da gas ba ya fashewa daga ciki. Haɗarin yana farawa ne idan iska ta samu hanyar shiga, ko gas ya samu hanyar fita. Ku haddace lambobin nan biyu, 5 da 15, domin kusan duk ƙa'idar da za ku ji a gaba daga gare su ta fito.

Asalin wannan gas ba shi da launi, ba shi da wari. Warin da muke ji, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, zuba shi ake yi da gangan. An koyi haka da tsada: a ranar 18 ga Maris, 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe, ya hallaka kusan mutum 300, yawancinsu yara. Bayan nan ne aka wajabta sanya masa wari. Sai dai ku lura, galibi a bakin gari ake zuba sinadarin warin. Babban bututun da ya ratsa daji yana iya yoyo hanci bai ji komai ba.

Hanyar da gas ke bi

Yukiren ta gaji manyan bututai daga Tarayyar Sobiyet, tsawonsu ya haura kilomita 30,000. Mafi shahara shi ne wanda ya taso daga Urengoy a Saiberiya ya ɓulla Uzhhorod a iyakar yamma, kimanin kilomita 4,500, an shimfiɗa shi a farkon shekarun 1980. Faɗin bakinsa milimita 1,420 ne, wato babban mutum zai iya tafiya a ciki a sunkuye. Matsin gas a cikinsa yakan kai 75 a ma'aunin da injiniyoyi ke kira bar. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce biyu da rabi ba. Ku ninka ta sau 30, ku zuba a ƙarfe mai wannan faɗi, za ku gane abin da ke binne a ƙarƙashin gonakin alkama na ƙasar.

Bayan kowane kilomita ɗari da wani abu akwai tashar da manyan injuna ke ƙara wa gas ƙarfin tafiya. A kan hanya kuma akwai bawul, wato makullin da ake juyawa a datse bututu, tsakanin ɗaya da na gaba yakan kai kilomita 30. Idan an iso gari sai a rage matsin mataki-mataki, har ya zama ɗan numfashin da ke fitowa a murhu. A ƙauyuka da yawa ƙananan bututan ba a binne suke ba. A kan ginshiƙai suke bin gefen titi, an shafa musu fenti ruwan ɗorawa, suna yin baka a saman ƙofar kowane gida. Waɗannan su suka fi shan wahala a yaƙi, domin ko bam bai faɗa kansu ba, ɓurɓushin ƙarfensa yana huda su kamar rariya.

Wani abin mamaki a wannan yaƙi: ƙasashen biyu suna ɓarin wuta a sama, gas ɗin Rasha yana wucewa ta ƙarƙashin Yukiren zuwa Turai kusan shekara uku, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a 2019. Ko da sojojin Yukiren suka kama garin Sudzha a watan Agustan 2024, inda tashar awon gas ɗin take, bai tsaya ba. Sai ranar 1 ga Janairu, 2025, da wa'adin yarjejeniyar ya cika, aka rufe.

Wuta ta kama: kada a kashe ta

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi yi wa mutane wuyar karɓa. Idan gas yana fita daga bututu yana ci da wuta, ba a kashe wutar sai an datse gas ɗin. Wutar tana ƙone shi ne tun a bakin ramin. Da zarar an kashe ta alhali yana ci gaba da fita, sai ya bazu ba a ganinsa, ya shiga gidaje, ya cakuɗu da iska har ya kai kashi 5, yana jiran tartsatsi ɗaya. Saboda haka aikin 'yan kwana-kwana a nan shi ne su janye jama'a, su riƙa jiƙa gine-ginen da ke kusa don kada su kama, su bar harshen wutar yana ci har masu gas su rufe bawul ta gaba da ta baya. Ko an rufe ma ba nan take za ta mutu ba. Gas ɗin da ke tsakanin bawul biyu na babban bututu yana iya haura kubik mita miliyan 3, sai ya ƙone ƙarƙaf.

Yoyon da bai kama wuta ba ya fi wannan ban tsoro. Idan bututun ƙarƙashin ƙasa ya tsage a lokacin hunturu, saman ƙasa ya daskare ya zama murfi, gas ba ya samun hanyar fita sama. Sai ya bi gefen bututun ruwa, ko magudanar ƙazanta, ko ramin wayoyi, ya ɓulla a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida mai nisa. A hanya kuma ƙasa tana iya tsotse warinsa. Ku tuna, a lokacin yaƙi waɗannan ɗakuna su ne mafakar jama'a, kuma sau da yawa da kyandir ake zaune a ciki saboda an ɗauke wuta. Shi ya sa ma'aikaci na gari ba ya tsayawa a bakin ramin bam kaɗai. Yakan ɗauki na'urar sansano gas ya zagaya gidajen unguwar.

A ɗakin sa ido ma akwai ƙa'ida: idan allurar matsi ta faɗi, a ɗauka bututu ya fashe har sai an tabbatar da akasin haka. A daren 4 ga Yuni, 1989, kusa da birnin Ufa a Tarayyar Sobiyet, ma'aikata sun ga matsi ya ragu a wani bututu, maimakon su bincika sai suka ƙara turo gas. Irin mai nauyin nan ne, ya kwanta a wani kwari da layin dogo ya ratsa. Jiragen ƙasa biyu na fasinja suka gitta juna a wurin, tartsatsi ya tashi. Mutum 575 hukuma ta ƙirga sun mutu. Ruwa ba ya tsami banza, allura ma ba ta faɗuwa banza.

Yadda ake gyara

Mai walda ba shi ne na farkon shiga ba. Masu kwance bam ne ke shiga gaba, domin inda bam ɗaya ya fashe akwai yiwuwar wani yana kwance bai tashi ba, a yankunan da soja suka janye kuma akan tarar da nakiya a gefen hanya da kewayen tashoshi. An kuma sha kai hari na biyu a wurin da aka kai na farko, bayan masu agaji sun taru. Shugaban ma'aikata yana da hurumin ya ce yau ba za a shiga ba, ko da gari na kuka da sanyi, kuma a ganina wannan hukunci yana cikin mafi nauyi a aikin baki ɗaya.

Idan an ba da izini, sai a datse sashen da ya lalace ta ɓangarorin biyu, a saki ragowar gas ta wani dogon bututun hayaƙi nesa da mutane. Daga nan a hura naitirojin, iskar da ba ta cin wuta, ta kore abin da ya maƙale. Sai a auna. Bayan ɗan lokaci a sake aunawa, haka za a yi ta yi har a tashi aiki, domin bawul ɗin da girgizar bam ta taɓa yana iya ɗiga a hankali. Katafila tana haƙa daga nesa, amma idan an kusanci jikin ƙarfen da shebur ake ƙarasawa. Wanda zai sauka rami da igiya a ƙugunsa yake sauka, mutane na tsaye a sama, saboda naitirojin da gas duk suna kore iskar numfashi, mutum ya sulale ba tare da ya ji komai ba.

Girman rauni shi ke faɗar magani. Ƙaramin bututun unguwa da ɓurɓushi ya huda, akan fiƙe katako a toshe ramin, ko a ɗaura masa maƙalar ƙarfe mai roba a ciki, a ɗaure da noti. Kayan aikin na tagulla ne, don ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da tartsatsi. Wannan faci ne na wucin gadi, dole a rubuta inda yake a dawo masa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe: an yi faci ɗari a mako guda, an manta da goma. Bututun roba, wanda ya yawaita a sababbin unguwanni, matse shi ake yi da maƙata gas ya tsaya, a yanke, a haɗa sabon gutsure da wani zobe mai wayar lantarki a ciki wanda ke narkar da robar ta haɗe.

Babban bututu kuwa idan ya yage, ba faci. Yanke sashen ake yi gaba ɗaya, da injin da ke yanka ba wuta, har a kai inda ƙarfen yake da lafiya, a kawo sabon gutsure mai kauri da inganci iri ɗaya. Gutsure mai tsawon mita 10 na irin mai faɗin milimita 1,420 ya haura tan 5, sai da injin ɗaga kaya. Ana ɗumama bakin ƙarfen kafin walda, musamman a sanyi, don kada ya tsage daga baya. Waldar kuma zagaye bayan zagaye ake yin ta, awowi ana abu ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: kamfanin da bai tanadi bututu da bawul da sandunan walda a ajiye ba tun kafin rikici, ranar buƙata zai tarar hanya a rufe.

Idan mai walda ya gama, ba a yarda da ido. Ana ɗaukar hoton waldar kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ko a bi ta da na'urar sauti, a nemo kumfa ko tsaga da ta ɓuya a ciki. Inda hali ya yi, akan cika sashen da ruwa a matsa shi fiye da matsin da zai yi aiki da shi, a bar shi awowi ana kallon allura. Da ruwa ake yi domin idan ya fashe tsiyaya kawai zai yi, gas kuwa tarwatsewa yake yi. Sannan a naɗe ƙarfen da rigar hana tsatsa, a gyara wayoyin da ke ba shi ɗan ƙaramin lantarkin da ke kare shi daga cin ƙasa. Yaƙi yana yawan kashe wannan lantarki, tsatsa kuma ba ta san an tsagaita wuta ba.

Raunin da bai yi jini ba

Akwai bututun da bam ya faɗi kusa da shi, bai huje ba, sai dai ya lotsa ko ya kurje. Wanda ke gaggawa zai mayar da ƙasa ya ce Allah ya kiyaye. Ku ji abin da ya faru a Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, inda ba yaƙi ake yi ba. Wata motar aikin gini ta kurji babban bututun gas, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Makonni suka wuce. Ranar 30 ga Yuli, 2004, wurin ya buɗe, mutum 24 suka mutu, cikinsu har da 'yan kwana-kwanan da suka zo duba yoyon, fiye da 130 suka jikkata. Kurji yana rage kaurin ƙarfe, matsi kuma yana ta aiki a kansa dare da rana. Don haka duk inda aka yi ɓarin wuta kusa da babban bututu, ƙa'ida ita ce a rage matsi tukuna, a tone a duba, daga baya a tura wata na'ura ta cikinsa, gas na ingiza ta tana auna kaurin ƙarfen taku bayan taku.

Mayar da gas gida-gida

A nan nake so ku fi natsuwa, domin wannan mataki ya fi kowanne shafar talaka. Kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa idan an ɗauke ruwa, aka bar kan famfo a buɗe, ruwan ya dawo cikin dare: da safe tsakar gida ta zama tafki. To ku sa gas a madadin ruwan. Uwargida tana dafa miya gas ya ɗauke, ƙarar harbi ta matso, ta suri 'ya'yanta ta gudu, murhu a buɗe. Bayan wata biyu an gyara bututun unguwa. Idan aka buɗe babban bawul haka kawai, ɗakin girkinta zai cika da gas, maƙwabcin da ya kunna fitila shi zai biya.

Saboda haka kafin a saki gas, ma'aikata sukan bi gida-gida su rufe makullin kowane gida daga waje. Sannan a kore iskar da ta shiga bututun lokacin da yake fanko, domin gas da zai shigo ya tarar da ita dole cakuɗin ya ratsa tsakanin 5 da 15 ɗin nan. Sai an auna an ga gas ne zalla ke fitowa a ƙarshen layi, sannan a koma gidajen ɗaya bayan ɗaya, mai gida yana tsaye. A shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kamar yadda mai faci ke neman huji a tayar keke, in kumfa ta tashi akwai yoyo. A duba bututun hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki, don idan ɓaraguzai sun toshe shi, hayaƙi mai guba marar wari zai koma ciki ya kashe mutane a cikin barci. Gidan da ba kowa kuwa a rufe ake barin sa har mai shi ya dawo. Mutane sukan yi fushi, su ce an gama gyara tun shekaranjiya, me ake jira? Wani ma yakan saci jiki ya buɗe makullinsa da kansa. Wanda ya yi haka ya sa ran iyalinsa da na maƙwabtansa a kasada, kuma sanyin kwana biyu bai kai wannan ba.

Abin da ba ya gyaruwa da wuri

Bututu kansa, duk girmansa, ana iya gyara shi cikin kwanaki. Yukiren ta kuma ci moriyar yawan layukanta, idan an fasa ɗaya a karkatar da gas ta wani, har a juya shi daga yamma zuwa gabas da wanda ake sayowa ta Sulobakiya da Hangare da Folan. Injunan tashoshi su ne ciwon kai, don ƙera irinsu yakan ɗauki watanni masu yawa. Daga watan Maris na 2024 hare-hare sun koma kan gine-ginen da ke saman manyan rumbunan gas na ƙarƙashin ƙasa a yammacin ƙasar, a watan Oktoban 2025 kuma aka yi wa wuraren haƙo gas na yankunan Kharkiv da Poltava mummunar ɓarna.

A teku abin ya fi wuya. Ranar 26 ga Satumba, 2022, aka fasa uku daga cikin layuka huɗu na bututun gas na Nord Stream a Tekun Baltik, kusa da tsibirin Bornholm na Denmak, ruwan gishiri ya shiga ciki yana cin ƙarfen. Bututun Balticconnector da ya haɗa Finlan da Istoniya, wanda ƙugiyar wani jirgin ruwa ta yaga a watan Oktoban 2023, sai a watan Afrilun 2024 ya koma aiki.

Dokar yaƙi ba ta yi shiru a kan wannan ba. Ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977 ya hana kai hari kan kayan farar hula, ya kuma lissafa gyaran gaggawa na abubuwan amfanin jama'a da ba a iya rayuwa sai da su a cikin ayyukan da ya wajaba a kare masu yin su. Wanda ya harbi mai walda a bakin rami ya bar unguwa guda cikin sanyi.

Mu fa?

A ranar 30 ga Yuni, 2020, aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Ya bi ta gonaki da dazuzzukan da wasunsu ba su rabu da matsalar tsaro ba. Wasu daga cikinku gonarku tana kusa da shi. Alamomin yoyo a irin wannan bututu su ne ƙara kamar ta guguwa ko huci daga ƙasa, ƙura na tashi ba iska, kumfa a kududdufi, ko ciyawa ta bushe a wuri guda alhali kewayenta kore ne. Wanda ya ga haka ya bar wurin da ƙafa, ya nufi inda iska ke fitowa, kada ya tayar da babur ko ya ƙyasta ashana, kada ya taɓa waya sai ya yi nisa sosai. Ya hana yara da makiyaya matsowa, ya sanar da mai gari da jami'an tsaro. Gas ɗin bututu ba ya ɗibuwa a jarka, babu abin da mai zuwa kallo zai samu a wurin.

Aikinku kafin haɗuwa ta gaba: kowa ya rubuta da kalmominsa dalilin da ya sa ba a kashe wutar gas kafin a rufe bawul, da dalilin da ya sa ake barin gidan da ba kowa a rufe. Wanda ke da tukunyar gas a gida ya kaɗa ruwan sabulu yau da daddare, ya shafa a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo, ya zo mana da labarin abin da ya gani.